Je Ka Ɗauko Takalminka

Unguwar Sarki, Kaduna
Watan Sha'aban, 1977

Zuwa ga yayata Hansai, a Wad Madani, ƙasar Sudan.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa irin wadda ƙanwa ke yi wa yayarta, ina fata takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Malam Isma'ila, da 'ya'yanku Tijjani da Zuwaira da 'ya'yansu waɗanda ban taɓa sa wa ido ba, sai dai in ji sunayensu a bakin matafiya. Allah ya ba Malam sauƙin idon da aka ce yana damunsa, ya kai mu watan azumi da rai da lafiya, ya jiƙan iyayenmu. Da hannuna nake rubuta miki, da ajamin da Baba ya koya mana a zaure, saboda haka in kin ga layi ya karkace ki yi haƙuri, ido ne ya tsufa. Ban ba kowa ya rubuta mini ba, domin abin da ke ciki ba na kunnen yara ba ne. Ke ma ina roƙonki ki karanta da kanki.

Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Damina ta yi ƙarfi bana, har katangarmu ta wajen rijiya ta zube, muna ta fama da awakin maƙwabta. Maigidana Malam Audu ya ajiye aikin masinja tun bara. Yanzu ba shi da ofis sai tabarmar ƙofar gida, inda yake gyara wa gwamnati kurakuranta tun safe har azahar, ba tare da kowa ya tambaye shi ba. Hasana 'yar Yaya Sulaiman ta haihu a Unguwar Dosa, namiji, an sa masa sunan Baba. Gwaggo Binta kuwa Allah ya yi mata rasuwa kafin ruwa ya sauka, ba ta yi doguwar jinya ba. Kaduna ta cika ta batse, in kin zo ba za ki gane bakin titin da kika hau mota ba, gidaje sun cinye filin. Maƙwabcinku Malam Sanda ya iso lafiya, ya kawo tsarabarki, dabino da turaren wuta da mayafin da kika ce nawa ne. Na gode, Allah ya saka da alheri. Shi ne zai komo miki da wannan takarda in ya gama ganin danginsa a Zariya.

To Yaya, yanzu ki gyara zama, don abin da zan faɗa ba zai yi miki daɗi ba, ni ma kuma ba da daɗi nake rubuta shi ba. Ran da Malam Sanda ya zauna a zaurenmu yana jero gaisuwarki, bai bar kowa ba. Kin gai da ni, kin gai da Malam Audu, kin gai da Yaya Sulaiman da matansa da 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya, har Gwaggo Binta da ke kabari ta sami tata da sunanta. Da aka zo kan ɗan da kika haifa da cikinki, sai aka ce a gai da yaron nan. Tunda ke ba ki iya faɗa, bari ni in rubuta miki ki gani da idonki: Yusha'u. Sunansa Yusha'u. Ya haura talatin, yana da mata da 'ya, furfura ta fara fito masa a gemu, kuma caca tana neman gamawa da shi.

Na san al'ada, gida ɗaya muka tashi. Na san uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in ya faɗi ta kau da kai wani ya ɗaga shi. Amma matan da ke wannan kunyar suna nan kusa da 'ya'yansu. Ba su kira suna ba, amma suna tura tsokar nama ƙarƙashin tuwo a ɓoye, in dare ya yi su ja masa mayafi, yaro ya tashi ya san ana sonsa ko ba a faɗa ba. Ke kuwa kin haɗa kunya da nisan duniya, shi bai sami sunan ba, bai sami tsokar ba.

Wataƙila kin manta ranar da kika tafi, don na ga alama kin manta, amma ni tana nan a idona. Kun sauka gidana daga Zariya, ke da Malam, ba a daɗe da ɗaura muku aure ba bayan rasuwar mahaifin Yusha'u. Za ku hajji ta ƙasa, aka ce shekara biyu kun dawo, dangi suka yanke a bar mini yaron in riƙa tunda Allah bai ba ni haihuwa ba. Yana ɗan shekara huɗu. Da safe motar Jos ta tsaya a bakin titi, yaro ya ga ana fitar da kaya, ya kama zanenki da hannu biyu ya ƙi saki. Na ce miki ki zauna ki gaya masa gaskiya, ya yi kukansa a jikinki ya gama. Kika ce mutane na kallo. Sai kika dubi gefe, ba ma shi kika duba ba, kika ce je ka ɗauko takalminka mu tafi. Ya saki zanen, ya ruga ɗaki yana murna. Ƙafa ɗaya ta shige ƙarƙashin gado, ya ɓata lokaci yana lalube. Da ya fito, takalman a hannu don bai tsaya sawa ba, mota ta riga ta sha kwana. Bai yi kuka a lokacin ba. Ya tsaya yana kallon hanya, can ya ɗago ya ce mini shi ne ya daɗe.

Kowace uwa tana yi wa ɗanta wannan wayon, na sani. Amma masu yi kasuwa suke zuwa ko gidan biki, kafin la'asar sun dawo da ƙuli-ƙuli a hannu, yaro ya yi fushinsa ya huce. Taki shekara biyun kuwa har yau ba ta cika ba.

Tun daga ranar ban sake shiga ko makewayi ni kaɗai ba, yana tsaye a bakin ƙofa yana kirana, sai na riƙa amsawa daga ciki. In zan je unguwa yana riƙe da gefen zanena. Da takalmi yake kwana, in na jira ya yi barci na cire, sai ya farka da ihu yana laluben ƙafarsa. Yaran unguwa suka sa masa Mai-takalmi, manya suna dariya suna cewa shagwaɓa ce irin ta ɗan riƙo, in bar shi zai daina. An yi masa rubutu ya sha har ya gaji, an yi turare, an kai shi wurin malamai a nan da Zariya. Shekarar da aka sa shi makaranta, ni ma kusan makarantar na shiga, don sai na zauna a gindin bishiya inda zai hango ni ta taga sannan yake yarda ya zauna a aji. Duk da haka Allah ya ba shi kai. Ya yi karatu, ya sami aikin akawu a ofishin gwamnati, rubutunsa kamar an buga da inji. Sau biyu ana zaɓensa ya tafi kwas, wanda in ya dawo za a ƙara masa girma, sau biyu yana ƙirƙiro ciwon ƙarya, don ba zai iya kwana a garin da ba mu ba. Waɗanda suka tafi a madadinsa yau su yake gaisarwa da ranka ya daɗe.

Da ya auri Maimuna, 'yar Malam Maliki na Funtuwa, na ce to Alhamdulillahi, ya sami wadda za ta zauna. Yarinya ce mai haƙuri, ba ta da hayaniya. Suka zauna a ɗakin da muka gina masa a nan cikin gida. Da an ba su hutun cin abinci a ofis sai ya hau keke ya taho, ya leƙa ɗaki, ya ga tana nan, ya sha ruwa ya koma. Matan unguwa suka ce kishi ne, wai yana zarginta. Ni da na raine shi na san ba kishi ba ne. Ba ya tambayar wa ya zo, abin da yake dubawa kawai ko akwatinta yana inda yake.

Abin ya lalace ne da ta sami ciki. Haihuwar fari ce, dole ta tafi gida goyon ciki, ta zauna har ta gama wankan jego. Na roƙi iyayenta su bar ta a nan ni in yi mata wankan, suka ce ba a taɓa yi ba a gidansu, kuma da gaskiyarsu. Ya bi ta Funtuwa sau biyu, aka yi ta yi masa dariya, wai wane irin miji ne marar kunya da ke zarya gidan surukai. Ya dawo ya tarar da ɗaki wayam. Ba ya ci, ba ya zama, in ya ji ƙarar mota a titi sai ya miƙe. A cikin wannan hali ne wani abokin aikinsa, Shehu, Allah ya shirye shi, ya ce ya zo ya raka shi Kurmin Mashi ya ɗebe kewa. Akwai wata rumfa a can bayan garejin makanikai inda ake karta tun hantsi. Mutumin da ko dara bai iya ba, Yaya, kafin Maimuna ta yi arba'in ya zama ɗan gida a wurin.

Ta dawo da 'ya mace. Kin san sunan da ya sa mata? Naki. Muna kiranta Uwani. Yana ɗaukarta yana zagaya tsakar gida da ita, yana cewa ga uwar da ba ta iya tafiya ba tukuna. Na ɗauka dawowarsu za ta raba shi da rumfar, amma ina, ƙafa ta riga ta san hanya. Da Maimuna ta je suna ko gaisuwar mutuwa, ko ta shiga maƙwabta ta ɗan jima, sai ya fice. Keke ya tafi, rediyo ya tafi, agogon hannu ya tafi. Daga baya kwanonin jerenta suka fara raguwa, tana gani, tana matsar da sauran don kada giɓin ya fito. Wasu ranakun yakan dawo da warin abin da ban so in rubuta sunansa, wai shi ke kwantar masa da hankali.

Wata ranar Asabar na yafa mayafi na tafi Kurmin Mashi da ƙafata. Ki dube ni, 'yar malam, da tsufana, ina tambayar makanikai ina ne wurin 'yan caca. Na tsaya a bayan wata matacciyar mota ina kallonsu, bai gan ni ba. Su biyar ne a kan tabarma, kowa ya tuɓe takalmi ya ajiye gefe, shi kaɗai ne da nasa a ƙafa. Kowa idonsa a kan karta, shi nasa idon a kan fuskokinsu. Can wani ya karkaɗe riga ya ce shi an cinye shi, zai tafi. Na ga Yusha'u ya yi wuf ya kama masa hannu, ya tura masa abin da ke gabansa, ya ce ya zauna a ƙara zagaye ɗaya. Mutumin ya zauna, ya cinye shi da kuɗinsa, suna ƙyafta wa juna ido.

Da na yi gyaran murya ya gan ni, bai musa ba, ya taso ya biyo ni kamar ɗan akuya. A hanya na zage shi iyakar zagin da na iya, na ce ko cacar ma bai iya ba, wa ya taɓa ganin mai ba abokin karawarsa jari. Ya bar ni na gama, sannan ya ce, Inna, shi ba ci yake nema ba. Ya ce in ya ci sai su yi fushi su watse, in suka cinye shi sai su zauna. Ya ce duk faɗin Kaduna nan ne kaɗai wurin da ya san abin da zai yi mutum ya fasa tafiya. Ya ce muddin ana raba karta ƙirjinsa yakan yi shiru, ba ya jin motar nan tana tashi. Muka taho gida kowa na share ido.

Labari ya kai Funtuwa, dama ba ya ɓuya. Malam Maliki ya zo da kansa, ya zauna da Malam Audu, ya ce shi bai ba da 'yarsa don a sayar da kwanoninta a rumfar karta ba, zai tafi da ita da jikarsa. Ban ga laifinsa ba, ko ni ce haka zan yi. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne dabarar da dangi suka kawo, har da Yaya Sulaiman. Wai kada a yi rigima, a bari sai Yusha'u ya tafi ofis a kawo mota a kwashe su, in ya dawo ya tarar. Na ce wallahi sai dai motar ta bi ta kaina. An yi masa sau ɗaya ina tsaye, ba za a yi na biyu ina numfashi ba. Na durƙusa wa Malam Maliki, abin da ban taɓa yi wa wani namiji ba bayan Baba da mijina, ya yarda zai jira zuwa Babbar Sallah. In Yusha'u ya bar caca, shi ke nan. In bai bari ba, zai zo da rana tsaka ya ɗauki 'yarsa a gabansa.

Kuma ya fara bari, Yaya, wannan ne ke ci mini rai. Da aka ce wani ya taho daga wurinki da saƙo, ya yi makonni bai taka Kurmin Mashi ba. Daga ofis sai gida, ya ɗauki Uwani ya zauna kusa da Malam Audu yana sauraron gyaran gwamnati. Ranar da Malam Sanda zai zo, Yusha'u ya yi aski, ya sa farar riga, ya shimfiɗa tabarma da kansa. Ina daga bakin ƙofar zaure ina kallonsa lokacin da ake jero sunaye. Duk sunan da aka kira sai ya ɗan ɗago, ya sake sunkuyawa. Da aka ce a gai da yaron nan, ya ce yana amsawa. Sannan Malam Sanda ya buɗe jaka ya fito da tsarabarsa, ya ce kin ce a ba shi, kin zaɓa da kanki a kasuwa, fata ce mai kyau irin ta can.

Takalmi, Yaya. Duk abin da ke kasuwar Sudan, hula, carbi, turare, yadi, ba ki ga abin aiko wa Yusha'u ba sai takalmi. Malam Sanda bawan Allah bai san komai ba, yana ta yabon ɗinkin. Na san ba da mugunta kika yi ba, kuma wannan ya fi yi mini ciwo, don da mugunta ce da na ce aƙalla kina tune.

Ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya kamar yadda ya kamata, ya ce sun yi masa daidai. Da aka yi la'asar ya sa naki a ƙafa, ya riƙe nasa tsofaffin a hannu, ya fita. Na kira shi bai waiwayo ba. Kafin magariba ya dawo, an yi ruwa, taɓo har idon sawu, ba naki ba nasa. Tun yana ɗan shekara huɗu ban taɓa ganin ya taka waje da ƙafa tsirara ba, ko masallaci ya shiga a gabansa yake ajiye takalmansa inda zai riƙa gani. Ya tsaya a tsakar gida yana dariya, irin dariyar da gara kuka da ita, ya ce in kwantar da hankalina, ya zuba su duka an cinye, yanzu ba wanda zai sake aikensa ɗauko takalmi. Maimuna tana bakin murhu da Uwani a baya, ta ja mayafi ta rufe fuska. Tun ranar kullum yana can. Da silifa ɗin Malam Audu yake zuwa ofis, kuma an riga an ja masa kunne a ofis ɗin.

Ga abin da nake nema a wurinki. Kada ki aiko da kuɗi, rumfa za su tafi. Kada ki sa Malam ya yi rubutu, Yusha'u ya sha wanda ya ishe shi. Ki zo. Yanzu ba zamanin tafiyar ƙasa ba ne, akwai jirgi, Tijjani yana da hali, ya kawo ki ko ya sa ki a hannun amintacce. Ki zo kafin Babbar Sallah, ki zauna a ɗakin nan, ki dube shi a fuska, ki kira shi da sunansa ko sau ɗaya, ki gaya masa ba shi ne ya daɗe ba. Ni na faɗa masa har bakina ya gaji, amma ba ni na aike shi ba, ba daga bakina yake jiran ji ba. In kuma za ki koma, ki gaya masa ranar, ya raka ki har inda ake rakiya, ya ga tafiyarki da idonsa. Ban ce wannan zai raba shi da karta rana ɗaya ba, ni ba likita ba ce. Amma na san in mota ta sake tashi daga ƙofar gidan nan da Maimuna da Uwani a ciki, ba ni da sauran ɗa. Kunyar da kika ji ta mutanen bakin titi, yawancinsu sun mutu, Yaya, ba wanda ya rage da zai ce kin yi rashin ta ido.

In na yi miki zafi ki yafe mini, ke ce babba. Ni aka ba riƙo, na riƙa iyakar ƙarfina, ban taɓa kawo miki ƙara ba sai yau.

Ki gai da Malam Isma'ila da kyau, ki ce ina yi masa sannu da ido. Ki gai da Tijjani da iyalinsa, da Zuwaira da maigidanta da yara duka. Malam Audu yana gaishe ku, Yaya Sulaiman da Hasana suna gaisuwa. Maimuna ta ce in gai da surukarta da ba ta taɓa gani ba, takwararki Uwani ta fara tsayuwa da bango. Yusha'u ban gaya masa ina rubutu ba, don kada ya fara kallon hanya.

A cikin ƙullin da Malam Sanda zai ba ki tare da takardar nan akwai ɗan takalmi ƙafa ɗaya, fatar ta bushe, bai kai tsawon tafin hannunki ba. Shi ne wanda ya shige ƙarƙashin gado. Ɗayan yana nan a akwatina, ba zan ba kowa ya kawo miki ba. Kin ce ya ɗauko ku tafi, ya ɗauko tun ranar. Ke ake jira.

Wassalam. Ni ce ƙanwarki,
Safiya